Surukina, Mai Ɗaukar Akwatin Jarrabawa

Daga Allah muke, kuma gare Shi surukina ya koma wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na Kuje. Ya sha kunu, ya kira jikarsa ya tambaye ta yadda murya take shiga wayar hannu alhali babu igiya. Ba ta gama ba shi amsa ba.

Kwana uku muka yi zaman makoki a ƙofar gida. Liman ya sallace shi, faston cocin ƙanwarsa ya tsaya gefe da hula a hannu, tsofaffin ƙauye da ba su bi ko ɗaya ba su ma suka zo da irin tasu gaisuwar. Ni dai ina zaune ina sauraro, don kowa da marigayin da ya zo yi wa ta'aziyya.

Wani tsohon jami'in ilimi, wanda ɗansa ya kawo a mota daga Lugbe, ya yi addu'a ya shafa, sai dariya ta ƙwace masa.

"Ku gafarce ni," in ji shi. "Shekara da shekaru ni ne oga, shi masinja, amma kullum ni ake yi wa jarrabawa. Ban taɓa aikensa ya tafi bai bar ni da tambaya ba."

Ƙanwarsa, gwaggon matata, ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "Mutumin kirki ne yayana. Amma har ya mutu bai koyi inda ake yin shiru ba."

A rana ta biyu wani dattijo Bafulatani ya zo daga Masaka, tsohon malamin dabbobi. Ya yi kuka a fili, abin da ban saba gani ga Fulani ba. Da ya zo gaban ƙanin matata, babban ɗan marigayi a maza, sai suka riƙe hannun juna suka daɗe. Jikoki suka lura. Da mutane suka ragu suka zo suna tambayata mene ne tsakanin mutanen nan biyu. Su da suke jin ana muhawara a rediyo kan a rage yawan jarrabawa, suna zaton sabuwar magana ce. Na ce musu kakansu ya yi wannan muhawarar tun nan wurin yana dajin ɗorawa da gonakin doya, kuma ya ji a jikinsa. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Lokacin da na san shi, Abuja sunan tsohon garinmu ne, wanda yanzu ake kira Suleja. Daga can aka turo ni Kuje koyarwa, ina saurayi, jim kaɗan bayan samun mulkin kai. Shi kuwa Bagwari ne, ko da yake in ka faɗi haka zai gyara maka a hankali ya ce Gbagyi. Manomi ne, kuma masinjan ofishin ilimi. Babban aikinsa sau ɗaya yake zuwa a shekara: ya ɗauko akwatin takardun jarrabawar fita firamare daga gari zuwa makarantun ƙauye, ya jira a gama, ya mayar. Akwatin ƙarfe ne baƙi, da kwaɗo biyu. Yana ɗaure shi a bayan keke, in ya zo kogi ya saɓa shi a kafaɗa ya tsallaka, ya dawo ya ɗauki keken. Bai taɓa ɗora shi a ka ba. Mutanensu ba sa ɗora wa kai kaya. Yakan ce, "Kai ya riga ya ɗauki nasa."

Bai iya karatun boko ba, kuma ina jin shi ya sa aka amince masa. Amma ban taɓa ganin mutumin da abin da ke cikin akwati ya dama kamarsa ba. Da zarar an tashi daga jarrabawa zai zauna a gindin ɗorawar makaranta ya sa mu malamai mu fassara masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Hausarsa ba ta raba namiji da mace, haka ya bar ta har ƙarshe.

"Malam, wannan tambaya, wa ya haife shi?"

Na ce wasu masana ne a can birni.

"Sun taɓa zuwa nan?"

Na ce ban sani ba.

Akwai wata ta lissafi da ta hana shi sukuni kusan shekara. Tanki ne, famfo ɗaya yana zuba ruwa, wani yana zubarwa, a faɗi lokacin da zai cika. Duk Kuje a lokacin babu famfo. Ya ce in bar lissafin tukuna, in gaya masa wane ne ya buɗe na ƙasan ya tafi, kuma me aka yi masa. Wata shekarar aka ce yara su rubuta insha'i kan ziyarar tashar jirgin ƙasa. Cikin ajina mutum biyu ne suka taɓa ganin jirgi. Ya tambaye ni, "To wanda ya ƙaga ƙarya mai daɗi, shi zai ci?" Na ce kusan haka ne. Ya gyaɗa kai kamar an ba shi labarin wata ƙasa.

Ba ya tsayawa nan. Ranar kasuwa zai kai tambayoyin rumfar masu doya da turken shanu, ya gwada su a kan manya. Yana da aboki Bafulatani da ke mashekari, wato rugar Fulani, a gefen gari. Ya kai masa wata tambaya mai cewa wani yana da shanu kaza, ya sayar da kaza, saura nawa. Bafulatanin ya ce, "Wanda ya san yawan shanun wani, ko ɓarawo ne ko mai jangali. Wanne ne ya aiko ka?" Surukina ya yi mako yana ba da wannan labari. Ba wai yana raina jarrabawar ba ne. Da ya raina ta da bai tsallaka kogi da ita a kafaɗa ba. So yake ya gane me take aunawa.

Na auri 'yarsa a shekarata ta uku. A al'adarsu mai neman aure yakan yi wa surukai noma, kuma bai ɗaga mini don ina malami ba. Damina biyu ina zuwa gonarsa da garma, hannuna duk kanta. Bai taɓa cewa na iya ko ban iya ba. Bayan aure kuwa sai kunya ta shiga tsakani. Ba na cin abinci a gabansa, ba na kiran sunansa, Baba nake cewa, shi kuma Malam. Wannan ya sa gardamar da ta biyo baya ta yi mana wuya, don ba a ɗaga wa suruki murya.

An buɗe wata makarantar koyon aikin gona da kiwo a yankinmu, gurbi kaɗan, masu nema da yawa. Da jarrabawar takarda ake shiga. Wata rana motar shugaban makarantar ta maƙale a mashigin kogi, surukina ya zo wucewa da kekensa, ya tara mutane aka turo ta. Suna jiran inji ya bushe, shugaban ya yi kuskuren yi masa ƙorafi. Ya ce waɗanda suka fi cin jarrabawarsa ba sa son ƙasa ta taɓa su, kafin shekara ta zagayo rabinsu sun gudu neman aikin akawu.

Surukina ya ce, "Oga, in za ka sayi sa na huɗa, takarda kake ba shi?"

Shugaban ya yi dariya ya ce a'a.

"To me kake yi?"

"Ina sa a ɗaura masa garma in gani."

"Sau ɗaya?"

Daga wannan hirar aka samu abin da muka riƙa kira makon gwaji. Shugaban ya nemi izini daga sama, aka ba shi da ƙyar. Za a rage jarrabawar takarda ta zama ta rabin yini, a rage mata nauyi. Sauran makin kuwa daga rahoton malamin aji, da kuma mako guda da masu nema za su yi a gonar makarantar, manoma uku dattawa suna kallonsu. Surukina na cikin ukun.

Ni ban yarda ba. Na je gidansa na durƙusa, na yi gaisuwa mai tsawo, sannan na faɗa wa ƙasa abin da nake son faɗa masa.

"Baba, takarda ba ta san ɗan wane ba. Ni ɗan majemi ne. Da a ce da ido aka duba ni, da ban shiga makarantar horon malamai ba, don akwai 'ya'yan manya a layi. Lamba aka duba. In aka buɗe ƙofar ido, ba talaka zai fara shiga ba."

Ya ɗan gyara ƙotar garma. Sai ya ce, "Takarda bai san ɗan wane ba, gaskiya ne. Amma ya san ɗan birni. Ya san wanda ya ga jirgi."

Na ce duk da haka.

"Malam, da na ba ka 'yata, yini ɗaya na duba ka?"

"A'a, Baba."

"Ranar farko da ka zo gona, ka sare mini irin doya huɗu. Da ranar ce jarrabawa, da yanzu kana gwauro."

Matata tana bayan zana tana jinmu, na ji ta toshe dariya. Na tashi ban gamsu ba, shi ma ya san ban gamsu ba. Abin da ya ba ni mamaki, washegari ya biyo ni makaranta ya ce in sake faɗa masa maganar 'ya'yan manya, yana son ya ji ta da kyau.

A zagayen farko mutum biyu da suka shafe mu suna cikin masu nema. Ɗaya ɗan abokinsa Bafulatani, wanda rabin kowace shekara yake yi a aji saboda tashin shanu. Turancinsa ba ya kai shi ko'ina, a takarda yana can ƙasa. Ɗayan kuwa ɗan surukina ne na cikinsa, ƙanin matata, wanda ni na koyar da shi. Kansa yana ja ƙwarai. A takarda shi ne na biyu. Da tsohon tsari ne, da ya shiga ba tare da ko tari ba.

Na roƙi surukina ya janye daga alƙalancin ɗansa, ya yarda. Aka ce sauran biyun su duba shi.

Na je kallo rana ta huɗu. An fito da shanun makarantar aka ce kowa ya duba ya faɗi abin da ya gani. Yawanci suka ƙidaya ƙafafu da ƙahoni. Ɗan Fulanin ya zagaya wani bijimi da kowa ya ce lafiyayye ne, ya shafa gashinsa, ya ɗaga fatar idonsa, ya taɓa bayan kafaɗarsa, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Wannan sammore ya kama shi. Bai nuna ba tukuna." Sammore ciwo ne da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Shugaban ya sa aka ɗebi jinin bijimin aka duba, aka samu haka ne. Surukina bai yi murna irin ta wanda ya ci gardama ba. Jan yaron ya yi gefe yana tambayarsa me ya gani a idon, ya nuna masa shi ma.

Rana ta ƙarshe aka duba tulin doya. An ba kowa layinsa tun farkon mako ya tara ƙasa tuli-tuli yadda ake binne iri. Layin ƙanin matata ya yi kyau, tulin a tsaye, tazara daidai. Dattawan biyu suka yaba. Shugaban ya riga ya ɗaga alƙalami, sai ya juya don ladabi kawai ya ce, "Baba, ka ga aikin ɗanka?"

Surukina ya bi layin daga farko har ƙarshe, a hankali, hannu a baya. Ya tsuguna ya duba inda garma ta ci ƙasa. Na ga fuskarsa, na san akwai magana, na yi ta addu'a a zuci ya haɗiye ta.

"Oga, aikin ya yi kyau. Amma ba na ɗana ba ne. Ɗana bahago ne. Wannan mai dama ya yi shi."

Ƙanin matata yana tsaye a bakin layi, ya sunkuyar da kai. Daga baya ya fito fili cewa wani abokinsa ne ya riƙa tara masa da sassafe, shi kuma yana koya masa lissafi. Bai samu gurbin ba. Ɗan Fulanin ya samu, shi ne dattijon nan da ya zo ta'aziyya daga Masaka.

Gidan surukaina ya ɗauki zafi. Surukata ta yi wata biyu ba ta kai masa abinci da hannunta ba. Ta ce an tambaye shi ne don kara, ba don a ji ba, kuma ko kaza ta san ta rufe 'ya'yanta. Gwaggo ta zo daga ƙauyensu musamman don ta gaya masa ya zubar da jininsa ya ɗauki na Fulani. Yaron ya tattara kayansa ya koma gari wurin dangina. A shekara ta gaba ya zauna wata jarrabawar, ta takarda zalla, ya ci, ya tafi makarantar koyon aikin safiyo, wato awon ƙasa. Ya yi shekaru ba ya kwana a gidan ubansa. In ya zo sai ya gaida uwarsa, ya tsaya daga ƙofa ya ce wa uban sannu, ya juya.

Ni ma na yi fushi, amma nawa fushin ya rikice, don abin da na ce zai faru ba shi ya faru ba. Na ce ido zai yi son kai, sai ga ido ya ƙi ɗansa.

Sai a shekara ta uku da fara makon gwaji maganata ta fito. Aka canza biyu daga cikin dattawan, aka sa waɗanda wani mai sarauta ya ba da sunansu. Nan da nan wasu samari da ba su san gaban garma da bayanta ba suka riƙa samun maki cikakku a gona. Wani ɗalibina maraya, mai ƙoƙari a takarda da gona duka, aka bar shi a waje. Surukina ya zo gidana da kansa, abin da suruki ba ya yi, ya zauna a dakali.

"Malam, abin da ka faɗa ya zo."

Na yi zaton zan ji daɗi. Ban ji ba.

"Yanzu gaya mini, takarda yaya yake yi da ba ya ganin fuska?"

Na bayyana masa yadda ake ba kowa lamba, a ɓoye suna, a kai takardun wani gari inda mai dubawa bai san kowa ba. Ya sa na maimaita. Washegari ya hau keke ya tafi wurin shugaban. A shekarar da ta biyo, aka kafa wa kowane layin doya turke mai lamba maimakon suna, aka ɗauko dattawan daga wata gunduma can nesa, aka hana su ganin masu aikin sai aikin. Marayan ya sake nema ya shiga. Wannan gyara bai toshe duk ɓarakar ba, don rahoton malamin aji ma ana iya lanƙwasa shi, kuma na san malaman da suka lanƙwasa. Amma ya rage.

Tsarin bai daɗe ba. Aka yi wa shugaban canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce mako guda ɓata lokaci ne, aka koma takarda zalla. Na ɗauka surukina zai yi baƙin ciki. Ya dai ce, "To, sun gaji da kallo." Ya ci gaba da ɗaukar akwatinsa har ƙafafunsa suka gaza keke, yana ci gaba da tsare mu a gindin ɗorawa. Har yau in an tambaye ni wa ya yi gaskiya tsakanina da shi, ban san amsar ba, kuma na koyar shekara talatin da wani abu.

Akwai alheransa da ban sani ba sai daga baya. Duk shekara akwai waɗanda ba su ci ba, kuma ba a aika musu komai, shiru kawai suke ji. Shi ne yake bi gida-gida a ƙauyukan da ke hanyarsa, ya zauna da iyayen, ya ce, "Takarda ya ce bai iya abin da takarda ya tambaya ba. Bai ce komai a kan sauran ba." Sai ya tambayi yaron me hannunsa ya fi so, ya haɗa wannan da kafinta, wancan da mai gyaran keke. Babu wanda ya aike shi.

Sulhunsa da ɗansa a gabana aka yi. Lokacin an fara maganar za a kawo babban birnin ƙasa yankinmu, ana ta ganin masu awo a daji suna kafa duwatsu. Ƙanin matata yana cikinsu, ya zama magidanci, aikin ya kawo shi kusa da Kuje. Wata rana da la'asar ya zo gona ya same mu, ni da surukina, muna zaune a inuwa. Ya gaishe mu ya zauna nesa kaɗan. Uban ya fara tambayarsa yadda madubin awon nan mai ƙafa uku yake gane nisa. Ya amsa a gajarce. Ya sake tambaya, ya amsa da ɗan tsawo. Can sai ɗan ya katse shi.

"Baba, in tambaye ka ni ma."

"Tambayi."

"Da za a maimaita ranar nan, za ka sake faɗa?"

Na so in tashi in ba su wuri, surukina ya ɗaga mini hannu in zauna. Ya daɗe yana kallon gonar.

"Zan faɗa. Amma na ga layin tun rana ta biyu. Na gane tun lokacin. Da na kira ka gefe na ce ka rushe ka sake da hannunka, ko ya karkace. Ban kira ka ba. Na tsaya ina kallo in ga ko za ka gyara da kanka." Ya numfasa. "Ina ta duba ka kamar ɗan wani. Wannan ne laifina, ba maganar ba."

Idon ɗan ya kawo ruwa, ya juya fuska wajen dawa.

Sai uban ya matso, da muryar nan tasa ta son sani, wadda ba ta san lokacin da ya dace da wanda bai dace ba, ya ce, "Kai fa? Yanzu kana da ɗa. Da kai ne a wurin, oga ya tambaye ka, me za ka ce?"

Ƙanin matata ya yi tunani na gaske, ya daɗe, sannan ya ce, "Wallahi Baba, ban sani ba."

"To," in ji surukina, "zauna nan kusa. Mun zama biyu."

Ya matso. A ranar ya kwana a gidan ubansa.

Allah Ya yi masa rahama, Ya sauƙaƙa masa tambayar kabari, Ya duba shi da idon da ya fi namu gani da tausayi. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.